Idon Dokta Baharuddin Ba Ya Ganin Launi

Duk wanda ya taɓa shiga lif ɗaya da Dokta Baharuddin Yatim a benenmu na Jelutong ya san abu biyu kafin a kai ƙasa: cewa Dokta ya yi karatu a Ingila, da kuma cewa idonsa ba ya ganin launin fata. Daga hawa na tara zuwa ƙasa bai fi minti ɗaya ba, amma yana isarsa. In kuwa lif ya lalace ka haɗu da shi a matakala, sai dai ka yi haƙuri, don har sunayen malamansa za ka ji.

Shekara goma sha ɗaya yana rubutu duk Lahadi a jaridar Fitilar Tsibiri, a wani fili da ya raɗa wa suna "Idona Ba Ya Ganin Launi". A nan yake yaƙi da akwatunan nan huɗu da ke kan kowane fom a ƙasar nan: Bamalaye, Basine, Ba'indiye, da Sauransu. A nan yake kukan 'yan boko sun yi watsi da harshen Malay, kuma yana kukan ne da Turanci mai nauyi, irin wanda sai ka ajiye ƙamus kusa da kofin shayi. Aƙidarsa guda ce, wai tambayar mutum asalinsa ita ce uwar wariya. Saboda haka bai taɓa tambayar kowa komai ba. Mu dai da muke zaune da shi mun san tun kafin aƙidar ma ba mai tambaya ba ne.

Rubutun da ya yi masa suna shi ne na shekara huɗu da suka wuce, bayan rasuwar mahaifiyarsa. Ya ba da labarin maƙwabciyarsa Basiniya, Madam Lim, wadda ƙofarta ke kallon tasa. Ya ce ita ta riga kowa zuwa, har ta ari mayafi don ta girmama addininsu, ta shige ɗakin da gawa take tare da mata, ta yi awa biyu ba ta fito ba. Da ta fito, in ji shi, hannun rigarta sharkaf yake da hawaye. Ya rufe da cewa hawaye ba su da ƙabila. Aka yi ta yaɗa rubutun a waya, aka gayyace shi gidan rediyo har sau biyu, shi kuma ya sa aka yi masa firam ya rataye a falo, daidai inda baƙo ba zai iya kauce masa ba.

Ana nan sai ga Dokta Leong Siew Ping. Malamar jami'a ce daga Kuala Lumpur, siririya mai gilashi a kan karan hanci, aka ba ta fili a shafin da ke fuskantar nasa. Makon farko ta rubuta cewa mai cewa ba ya ganin launi, akwatinsa ne bai taɓa rufe masa ƙofar makaranta ko ta aiki ba. Dokta ya mayar da martani da shafi guda cur. Ta ce a bar makarantun Sinanci da na Tamil su rayu, ya ce ƙasa ɗaya harshe ɗaya. Ta kira shi makahon ganin dama, ya kira ta mai ban ruwan ƙabilanci. Shekara biyu suna haka, kowa da 'yan kanzaginsa a waya, duk da Turanci. Mutanen da ake faɗan a kansu kuwa suna ta naɗe soyayyar ayaba da shafukan biyu ba tare da nuna bambanci ba.

Wata Litinin editar jaridar, Madam Philomena Rozario, ta kira shi. Mace ce mai gajeren zance.

"Dokta, jarida ta rame. Daga ƙarshen wata fili ɗaya zan bari. Ko kai ko ita."

Dokta ya yi lissafi nan take. Filin nan shi ne rawaninsa. In aka cire shi, me ya rage? Tsohon malamin kwaleji mai fansho, da tumbi, da labarin Ingila. Amma bakinsa ya riga tsoronsa magana, kamar kullum.

"Madam, kada ki yanke hukunci a ofis. Ki zo ranar Asabar ƙarfe uku, zauren taro na ƙasan benenmu. Ki zo da ita. Ita littafi za ta kawo, ni mutane zan kawo, masu rai da numfashi."

Ya sami matarsa Zaitun a kicin tana dama miyar kwakwa.

"Zaitun, ranar Asabar zan binne matar nan da ranta."

"Allah ya kiyaye. Wanke hannu ka ci abinci, Abang." Haka take kiransa, yadda matan Malayawa ke kiran mazansu.

"Ki saurara dai. Maƙwabta uku zan jera a kan tebur, Bamalaye, Basiniya, Ba'indiye. Kowa ya yi wa jama'a jawabi da harshen uwarsa, ni kuma in fassara nan take. Harshe huɗu nake ji, kin sani."

"Huɗu? Ran nan a wurin tsohon nan mai gyaran takalmi, da hannu na ga kana yi masa bayani."

"Wannan ƙanƙan da kai ne. Ba na son in kunyata shi."

"To su wa ka zaɓa?"

"Sajan na hawa na huɗu, Kawu Gurdial na ƙasanmu, sai Madam Lim."

Zaitun ta ajiye ludayi. Ta dube shi irin duban da ake yi wa mutumin da ya fito da riga a bai-bai.

"Abang, ka tambaye su tukuna."

"Tambaya! A gidana?"

"Wadda kake kira Madam Lim ɗin nan..."

"Na san abin da za ki ce. Za ki ce ba irinmu ba ce. Shekara talatin da ɗaya muna tare, na wayar da kan rabin tsibirin nan, amma na kasa cire wannan daga zuciyar matata."

Zaitun ta ɗauki ludayinta. "To. Allah ya kai mu Asabar."

Kwana biyu Dokta ya yi yana rubuta jawabai uku da Turanci, kowanne yana yabon filinsa na Lahadi, don a ganinsa bai kamata a wahalar da talaka da tunani ba. Ya ba wayarsa ta juya ɗaya zuwa Sinanci, ɗaya zuwa Tamil, ɗaya zuwa Malay, ya bugo su a takarda mai kauri. Sannan ya fita rabo.

Ya fara da ƙofar da ke kallon tasa. Akwai ɗan allon tagulla a jikinta mai sunan Lim, tun na mutanen da suka sayar da gidan shekara goma sha tara da suka wuce, ƙusoshin sun yi tsatsa sun ƙi fita. Daga wannan allo Dokta ya samo sunanta. Sauran hujjar kuwa fuskarta ce, fara mai ƙananan idanu, da kuma ganinta da yake yi kowace safiya daga tagarsa, cikin tsofaffin matan Sinawa a filin gida, da malafa a ka da jan mafici a hannu, suna motsa jiki a hankali kamar masu iyo a busasshiyar ƙasa. Me kuma ya rage a bincika?

Tsohuwar ta karɓi takardar, ta nisanta ta da ido, ta kusanto da ita.

"Dokta, ni fa wannan rubutun..."

"Kada ki ji kunyar harshen mahaifiyarki, Madam! Abin da suka yi muku ke nan, suka sa ku jin kunyar kanku."

"Dokta, ai sunana ma..."

"Suna! Me suna ya taɓa yi wa ɗan Adam in ba raba shi da ɗan'uwansa ba? Asabar, ƙarfe uku."

Lif ya buɗe, Dokta ya shige, ya bar ta da baki buɗe da takarda a hannu.

Kawu Gurdial Singh tsohon ma'aikacin jirgin fito ne, shekara talatin yana yagar tikiti tsakanin tsibirin nan da garin Butterworth na ƙetaren ruwa. Dokta ya same shi a baranda yana shanya rawaninsa, ƙyalle mai tsawon da sai ya zagaya igiya sau uku.

"Yawwa, Dokta, gara da ka zo. Maganar na'urar sanyin nan taka..."

"Asabar, Kawu. Ranar ka faɗi duk abin da ke ranka a gaban duniya."

Kawu Gurdial ya daina shanya. "Duka?"

"Duka! Ga shi na rubuta maka da Tamil don sauƙi."

Tsohon ya juya takardar sama, ya juya ta ƙasa. "Dokta, mu fa mutanen Punjab ne, wannan na Indiyawan kudu ne."

"Ba kudu ba arewa, Kawu. Wannan rabe-raben ne ya kashe mu. Ka buɗe bakinka kawai, ni zan fassara."

"Kai za ka fassara," in ji Kawu Gurdial a hankali, yana shafa gemu. "To madalla."

Sajan kuwa, wanda ba wanda ke kiransa da wani suna tun da ya bar soja, yana wanke babur a ƙasa, ɗaure da zane mai gida-gida. Wankan tarwaɗa ne, kuma Malay ɗinsa ya fi na Dokta daɗin ji nesa ba kusa ba.

"Sajan, kai ne Bamalaye na ƙwarai, irin na da, wanda boko bai lalata ba. Kai za ka wakilce mu."

"Mu? To kai fa, ranka ya daɗe?"

"Ni na wuce wannan matakin. Ni alƙali ne."

Sajan ya matse soso. Aikin soja ya koya masa ba a katse babba. "Akwai abinci?"

"Nasi kandar, shinkafa da miya kala-kala, har da kan kifi."

"To ina nan zuwa."

Ranar Asabar zaure ya cika har ƙofa. Kada ka ce son ilimi ne, labarin kan kifin ne ya zagaya hawa goma sha bakwai. Tsofaffin matan mafici sun kame layin gaba ƙarƙashin shugabarsu Anti Gaik Suan, wadda muryarta ba ta buƙatar makirfo. Madam Philomena ta zauna a gefe da ɗan littafi a cinya. Dokta ya sha kwat da laktaye cikin wannan zafin, gumi yana bin bayan kunnensa. A kan dogon tebur ya jera katuna uku da ya rubuta da hannunsa, manyan baƙaƙe: MURYAR MALAYAWA, MURYAR INDIYAWA, MURYAR SINAWA.

Dokta Leong ta tsaya a gabansu ta gyara gilashi.

"Ashe da akwatunan ka zo, Dokta? Ka ma fi gwamnati iya rubutu."

"Waɗannan ba akwatuna ba ne, tagogi ne."

"Na Sauransu fa?"

"Kujeru uku kwamitin gida ya ba ni."

Sai ga maƙwabciyar tasa ta shigo, da doguwar riga mai ruwan ganye da mayafi a naɗe tsaf. Dokta ya ga banza ta faɗi. Ya fizgi makirfo tun ba a buɗe taro ba.

"Jama'a, ku duba! Ga Madam Lim, wadda kuka karanta labarinta. Yau ma ta sake aron mayafi don ta nuna muku zuciya ɗaya ce. Wannan shi ne tasirin alƙalami!"

Wasu baƙi daga jami'a suka tafa. Layin gaba kuwa shiru, sai kallon juna da danne baki da mafici. A can baya Zaitun ta sami kujera kusa da fanka, ta harɗe hannuwa kamar mai jiran a fara wasa.

Ba a buɗe taro a garin nan sai da addu'a, ko da taron gyaran famfo ne. Dokta ya juya dama.

"Muryar Malayawa za ta buɗe mana da addu'a. Sajan, bismilla."

Sajan ya miƙe tsaye cak, hannuwa a gefe. Ya dubi makirfo, ya dubi tukwanen shinkafa da ke jere a bango, ya yi lissafin abin da zai rasa.

"Ranka ya daɗe, in na yi irin tawa za ku amsa?"

"Addu'a ai addu'a ce, Sajan. Ko gajeriya ce, yi mana."

Sajan ya sa yatsa a wuyan riga ya jawo 'yar sarƙa. Ƙaramin gicciye ya fito yana lilo.

"Mathew anak Renggi sunana. Ni ba Bamalaye ba ne, Ba'ibane ne, daga jihar Sarawak. Tun kakana coci muke zuwa."

Zaure ya ɗauki guna-guni, sannan dariya ta ɓalle daga baya. Madam Philomena ta ɗago kai.

"A fom wane akwati kake cikewa, Sajan?"

"Sauransu, uwargida. Shekara ashirin da biyu ina gadin iyakar ƙasar nan a matsayin Sauransu."

"Sannu ɗan gida, ni ma can nake," in ji ta, ta rubuta wani abu a littafinta.

Wani zai ji kunya a nan. Dokta dai sai ya buga tebur.

"Kun gani? Hujjata ke nan! Shekara takwas muna gaisawa ban ga bambancinsa da ni ba!"

"To wa ya rubuta katin?" wani ya jefo daga ƙofa.

Dokta ya yi kamar bai ji ba. Aka tsallake addu'a, abin da daga baya kowa ya yarda shi ne ya ƙara dagula lamarin.

"Yanzu Muryar Indiyawa, da harshen Tamil mai daɗaɗɗen tarihi. Ni zan fassara jimla-jimla."

Kawu Gurdial ya tashi, ya ninke takardar Dokta gida huɗu, ya tura ta ƙarƙashin ƙafar teburin da ke girgiɗi. Sannan ya yi gyaran murya ya fara, da Hokiyen, yaren Sinawan tsibirin nan. Ba kuma Hokiyen na ɗan koyo ba, na bakin jirgin fito, wanda ya koya wurin 'yan kifi da matan kasuwa, mai gishiri da barkono. Rabin zauren a cikin wannan yaren aka haife su. Kunnen Dokta kuwa bai saba sauraron kowa ba, duk yaren da ba Turanci ba ƙara ɗaya yake yi masa.

Abin da Kawu ya ce shi ne: "Jama'a, mutumin nan da ke tsaye kusa da ni, na'urar sanyinsa shekara shida tana ɗiga a kan shanyata."

Dokta ya lumshe ido, ya gyaɗa kai. "Ya ce: shekara da shekaru hikima tana sauko masa daga sama, daga hawa na tara."

Layin gaba ya fashe. Wata tsohuwa ta kifa kai a kafaɗar ta kusa da ita.

"Sau goma sha ɗaya na hau in gaya masa," in ji Kawu, "sau goma sha ɗaya na sauko da labarin Ingila."

"Ya ce: duk lokacin da ya ziyarce ni, yakan koma gida da ilimi."

"Wayyo cikina!" in ji Anti Gaik Suan, tana dukan cinya da mafici.

Dokta ya ɗauka daɗin fassara ne ya motsa su. Ya ƙara buɗe ƙirji, har ya fara sa hannu. Dokta Leong ma tana dariya, amma tata tana zuwa a makare, domin ita ma ba ta jin Hokiyen. Sai ta ga layin gaba ya dara sannan ta bi.

Kawu ya sunkuya ya jawo jaka, ya zaro wani farin rawani ya warware shi a kan tebur, ya ratsa katunan uku. Tun daga wannan baki har wancan, ɗigon tsatsa ne ja-ja-ja a jere.

"Wannan na ɗaurin auren jikata ne. Ku dubi abin da ya mayar da shi."

"Ya ce," in ji Dokta, muryarsa har rawa take don shauƙi, "wannan rawani kyauta ce gare ni, alamar..."

"Ƙarya kake, Dokta!" Anti Gaik Suan ta miƙe, ta faɗa da Malay yadda kowa zai ji. "Cewa ya yi ka gyara bututun na'urarka! Kuma ba Tamil yake yi ba, yarenmu ne. Ya ma fi jikokina iyawa!"

Abin da ya biyo baya ba dariya ba ce, ambaliya ce. Sajan da kansa, da duk horon soja, sai da ya juya wa jama'a baya kafaɗunsa suna rawa. Dokta ya sassauta laktaye. Ya saci kallon Madam Philomena, ya ga alƙalaminta yana gudu. Amma akwai sauran harsashi ɗaya, kuma shi ne babba. Ya ɗaga hannu har aka lafa.

"Ku yi dariyarku. Kuskuren yare ba komai ba ne. Amma akwai abin da ba a kuskurensa, shi ne hawaye." Ya zaro firam ɗin nan daga ƙarƙashin tebur, ashe har da shi ya sauko. Ya karanta sakin layin ƙarshe da murya mai karkarwa, mayafin aro, awa biyu, hannun riga sharkaf. Zaure ya yi tsit, don ko ba komai maganar uwa ce. "Madam Lim, tashi ki gaya musu da harshen mahaifiyarki."

Kafin tsohuwar ta gama miƙewa, Dokta Leong ta yi zumbur. Ta ga lokacinta ya zo.

"Ku dubi abin da nake faɗa shekara biyu! An ɗauko mace Basiniya, an lulluɓe ta da tufar wasu, an danƙa mata takardar da wani ya rubuta, wai ita ce muryarta!" Ta matsa kusa, ta kama hannun tsohuwar, ta zubo mata wata doguwar jimla da Sinancin makaranta, mai cike da 'yan'uwantaka.

Tsohuwar ta saurara har ƙarshe cikin ladabi. Sannan ta buɗe baki, da Malay irin na masuntan Terengganu, mai kauri kamar kunu.

"Yarinya, me kika ce?"

Dokta Leong ta saki hannun.

"Ku biyun ku zauna," in ji tsohuwar. "Ƙafata ba ta son doguwar tsayuwa, kuma ba a taɓa bari na kai ƙarshen zance ba a benen nan."

Suka zauna. Wallahi suka zauna, kamar 'yan aji ɗaya.

"Rohani sunana. Waɗanda suka haife ni Sinawa ne, gaskiya ne. 'Ya'ya mata bakwai gare su, ni ce ta takwas, ba abin ciyarwa. Ina da kwana arba'in suka miƙa ni ga matar wani masunci, kamar yadda ake yi a wajenmu a lokacin. Ita ta shayar da ni, ita ta koya mini salla, ita ce uwata. Sinancin da na sani shi ne ƙirga ɗaya zuwa takwas, shi ma Gaik Suan ce ta koya mini saboda motsa jiki."

"Har yanzu tana tsallake shida," in ji Anti Gaik Suan.

Ba wanda ya yi dariya sosai, domin Kak Rohani, wato Yaya Rohani, kamar yadda mutanen bene ke kiranta, ta juya tana kallon Dokta.

"Mayafin nan nawa ne, Dokta, ba aro ba ne. Mahaifiyarka ta san sunana. Shekara goma sha biyar muna sahu ɗaya a masallacin ƙasa. Shekara ashirin da shida ke nan ni nake wa mata wanka in sun rasu, tun kafin in dawo benen nan, kuma ita da bakinta ta ce in ranar ta zo kada a kira kowa sai ni. Abin da ya sa na riga kowa zuwa ke nan. Abin da ya sa na yi awa biyu ke nan." Ta nuna firam ɗin da haɓa. "Na yi kuka kam, ƙawata ce. Amma abin da ka gani a hannun rigata ba hawaye ba ne. Ruwa ne, da kafur, da ganyen magarya."

Ana jin ƙarar fanka. Dokta ya buɗe baki. Shekara goma sha tara muna tare da mutumin nan, ranar ce kaɗai muka ga ya buɗe baki ba abin da ya fito. Ya dubi firam ɗin da ke hannunsa kamar wani ne ya ba shi ajiya. Ni dai na ji tausayinsa, ba zan ɓoye ba, ko da yake tausayin bai hana ni lura da cewa katin MURYAR SINAWA yana nan tsaye a gabanta ba.

Madam Philomena ma ta lura. Ta tashi da wayarta ta ɗauki hoto ɗaya: Ba'ibane a bayan katin Malayawa, Kak Rohani da mayafinta a bayan na Sinawa, rawani mai tsatsa ya ratsa tsakani, Dokta a tsakiya rungume da firam. Ta rufe littafinta.

"Dokta, wannan Lahadin kada ka wahalar da kanka. Na sami abin da zan sa."

"Madam, ai muhawarar ba a ma fara ba."

"An gama," in ji ta.

"To a buɗe tukwane mana!" in ji Anti Gaik Suan. Aka yi kan shinkafa. Sajan ne ya fara kai wa kan kifi hari, kuma ba wanda ya ce bai cancanta ba. Kak Rohani da Kawu Gurdial da matan mafici suka haɗa tebur ɗaya, suna hira da wani gaurayen yare da ba a taɓa rubuta shafi a kansa ba.

Ranar Lahadi hoton ya fito a daidai inda filin Dokta yake zama, babba, ba ko kalma ɗaya tasa a ƙasa. A shafin da ke fuskantarsa Dokta Leong ta zuba dogon sharhi a kan makantar masu cewa ba sa ganin launi. Mun karanta daga farko har ƙarshe muna neman inda ta ambaci doguwar jimlarta ta Sinanci, ba mu gani ba. Wataƙila wuri ne ya yi mata kaɗan.

Dokta bai fita ba ranar. Ya zauna a falo da jaridar a cinya, yana kallon ƙusar da firam ya bari a bango. Ana jin mai gyara a baranda yana fama da bututun na'urar sanyi, Zaitun ce ta kira shi tun da safe. Ta kawo shayi ta ajiye, ta juya za ta koma.

"Zaitun."

"Na'am, Abang."

"Kin san ita ce ta yi wa Inna wanka?"

"Ni na riƙa zuba mata ruwan."

 Sannan tsohon halin ya ɗan motsa, ya ɗago kai da sauran fushi.

"To don me ba ki taɓa gaya mini ba? Shekara huɗu kina kallona ina yawo da abin nan!"

Zaitun ta goge hannu da gefen zane.

"Na gaya maka tun ranar, Abang, bayan an dawo daga maƙabarta. Na ce ka leƙa ka yi wa Kak Rohani godiya. Ka ce in dakata, kana rubutu."